Amsar da Na Ba Mawaƙan Tekun Tsaye

Salama gare ku, ku da ke zaune da ku da ke bisa hanya, ku da 'ya'yanku ke gabanku da ku da naku suka yi nisa. Ni ce Dinatu matar marigayi Habila, ta garin Tudun Kanya. Karatuna bai wuce wanda aka koya mana a rumfar majami'a ba, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Kwana da kwanaki ke nan ina riƙe da wani saƙo a bakina, na kasa isar da shi, na kasa haɗiye shi. In na ɗora tukunya sai ta ƙone ina kallonta. Jiya gishiri na zuba a kunu. Wanda saƙon ya shafa kuwa ba nesa yake ba, ga shi can bayan gida yana sharar gona. Bari in faɗa muku yadda aka yi, ko a cikinku akwai mai ba ni shawara.

Ɗana ne na fari. Kun san al'ada: tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kama sunan nan da bakina ba. Magaji nake ce masa, in raina ya ɓaci in ce "kai wannan". Allah ya ba shi murya da dogon numfashi. In ya ja waƙa a majami'a, mu matan zumunta sai mu buga tulu har tafin hannu ya yi zafi, shi bai sake jan iska ba.

Wata shekara ayarin masu gishiri ya zo da wani tsoho baƙo, fari sol, cikin doguwar riga mai haɗe da hula, ana ce masa Baba Kilemas. Ran Lahadi ya roƙi a bar shi ya yi wa Ubangiji waƙa irin ta ƙasarsu. Babu ganga, babu tafi, babu rawa. Murya ce guda, tana hawa a hankali tana sauka a hankali, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ya ce sunan harshen Latin, waƙar kuma ta girmi kakannin kakanninsa. Ni dai tsigar jikina ta tashi, na ƙosa ya gama. Da na waiwaya na ga fuskar Magaji, sai na san an yi mini sata ina zaune.

"Inna, damina ɗaya ce," in ji shi. "In bi Baba Kilemas in koyo in dawo."

Na ce, "Waƙar da ba ta da amshi za ka bi? To, wa zai yi mini huɗa?"

Ya yi dariya, ya durƙusa, na dafa kansa ba da son raina ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, wata ta bi bayan wannan, ko gaisuwa babu. Ran nan na tashi na ƙulle daddawa da kuka da barkono a zane, don na san duk inda yake bai sha miyar kirki ba, na bi ayarin gishiri.

Muka yi ta tafiya har sunayen garuruwa suka daina kama da sunayen garuruwa. A bakin wani daji madugu ya tsaya ya ce nan iyakarsu. Ya ce, "Birnin Yabo kike nema, yana bayan dajin nan. Amma ki ji ni da kyau, Iya. Duk kalmar da kika furta a ciki, tsuntsaye za su ɗauke ta. Ba za ki ƙara tuna ta ba har abada, ba ita ba, ba abin da take nufi ba." Ni da ko shara nake yi sai na yi magana da tsintsiya!

Na shiga. Itatuwan farare ne kamar ƙashi, ganye ba ya motsi. Can sai na ji fuka-fukai. Tsuntsayen kamar ungulaye suke, kansu a aske, amma maimakon baki irin na tsuntsu, leɓɓa gare su irin na mutane, jajaye, suna lasarsu. Suka dinga bina daga reshe zuwa reshe. Sai ɗaya ta buɗe baki, muryar surukata da ta daɗe a kabari ta fito.

"Dinatu, 'yar nan, kin ɓata hanya. Wa kike nema? Faɗi sunansa mu kai ki."

Na tsaya cak. Ita ta goyi Magaji, kuma ban taɓa ƙin amsa mata ba tana da rai. Na buɗe baki, sunan ya taso har maƙogwaro, ya tsaya. Harshen da bai taɓa ɗaukar sa ba ya ƙi ɗauka, balle a gaban suruka. Da na faɗa, da na juyo gida ban san na taɓa haihuwa ba.

Da suka ga haka sai suka sauko suka tare hanya, suna matsowa, leɓɓan nan suna rawa saboda yunwa. Na ga dai sai an ba su abin ci. Sai na lalubo duk zagin da na tara tun ina yarinya, na bakin rijiya da na kasuwa da wanda na koya wurin ƙanwar babana, na watsa musu ɗaya bayan ɗaya kamar tsaba. Suka hau kokawa a kai, na tattare zane na ruga. Ba zan iya rubuta muku ko ɗaya ba, sun tafi. Har yau in akuyar maƙwabta ta shiga mini gida, sai in wangale baki in tsaya, ba abin da ke fitowa sai "Allah ya shirye ki."

Bayan dajin na iske teku. Ban taɓa ganin teku ba, amma na san ruwa kwanciya yake yi. Wannan a tsaye yake. An tsaga shi biyu, bango dama bango hagu, kowanne ya fi dutsen garinmu tsawo, hanya siririya ta gangara tsakaninsu. Ba dutse ya tokare shi ba, ba itace ba. Ina ganin kifaye a ciki suna zuwa har bakin bangon su juya. Can ƙasa kuma, nesa, ina jin waƙar nan ta Baba Kilemas, amma da muryoyi masu yawa.

Na yi addu'a na fara gangarawa. Ban yi nisa ba na lura da wani abu. Muddin muryoyin na tashi gaba ɗaya, bangon a miƙe yake kamar an daɓe shi. Amma lokaci-lokaci sai su ɗauke, a bar murya guda siririya tana ja. A daidai nan bangon yakan kumbura, ya yi ciki, ya sunkuyo kan hanya yana ɗiga. In muryoyin suka dawo sai ya koma. Na koyi tafiya da waƙar: in sun tashi in yi sauri, in sun ɗauke in tsugunna a tsakiyar hanya in rufe kai.

A wani tsugunno na ɗaga ido, sai ga wani ido yana kallona ta cikin ruwan, girmansa kamar faifai. Bangon ya kumbura, hancin wata ƙatuwar dabba ya ɓullo waje, baƙi, yana huci, yana shinshina ƙullina. Bakinta ya fara buɗewa, na ga haƙora jere kamar turaku. Hannuna ne ya yi dabara, ba kaina ba. Na ciro curin daddawa na cusa mata a ƙofar hanci har wuyan hannu. Ta yi wata atishawa da ta jiƙa ni sharkaf, ta ja da baya tana girgiza kai, muryoyin suka dawo, bangon ya rufe a kanta. Rabin daddawar Magaji ke nan ta tafi.

Birnin Yabo a ƙasan tekun yake, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, sama kawai ake gani kamar bakin rijiya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutanen ba su jin tsoro. Mata na shanya, masu burodi na gashi, yara na wasan tsere har suna taɓa bangon ruwa da hannu. A tsakiya ga majami'a ta dutse, daga cikinta waƙar ke fitowa.

A bakin ƙofarta na iske Baba Kilemas. Ya ƙara tsufa, murya ta dushe. Hausarsa ta 'yan ayari ce, ba ya raba mace da namiji.

"Uwar Magaji! Kai ne? Ka zo da ƙafa?"

"Da ƙafa na zo, Baba. Damina ɗayarku ba ta ƙarewa ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya zaunar da ni a dakali ya ba ni ruwa. Ya ce tun ranar da kakanninsu suka gudo daga yaƙi teku ya buɗe musu, suka fara wannan waƙa ta godiya, kuma daga ranar ba a taɓa yanke ta ba. Mawaƙa na karɓar juna, waɗansu su shiga waɗansu su fita. Sahu biyu ne suna fuskantar juna, wannan ya rera ya ajiye, wancan ya ɗauka. A tsakanin ajiyewa da ɗauka dole kowa ya ja numfashi, to a nan ake buƙatar mutum guda mai dogon numfashi ya riƙe kalmar ƙarshe kada shiru ya faɗo. Suna ce masa mai riƙon igiya. Annoba ta cinye masu wannan baiwa, saura biyu suna karɓar juna, ɗayansu ɗana.

Na ce, "Me kuke roƙo a waƙar? A janye muku ruwan?"

Ya ce, "Babu roƙo a ciki ko ɗaya. Yabo ne zalla. Muna kiran kifi da gishiri da duwatsu, da jariri a ciki da mamaci a kabari, kowa ya zo ya gode wa Ubangiji Yesu."

Na dubi ruwan da ke rataye a kanmu, na dubi tsohon.

Ya ce zan iya shiga in tsaya a baya in ga Magaji, in ya sauka mu gaisa. Ya ɗora yatsa a leɓe. Na gane, na ɗaga kai.

Ciki da sanyi, da ƙamshin turare. Ga wani littafin fata a buɗe, girmansa kamar ƙyauren ɗaki, cike da ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar kashin awaki, su mawaƙan ke bi suna rerawa. Na dudduba sahu, sai ga shi a tsakiya shi kaɗai, a tsaye, fuskarsa ta ɓangaren ƙofa. An aske masa tsakiyar kai. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Ɗan da na san shi da cin malmala uku!

Sahun dama ya rera ya ajiye. Shiru ya taso kamar zai faɗo. Sai ɗana ya buɗe baki, idonsa a kaina, ya ja kalma guda, doguwa, mai ban tausayi:

"Do-mi-neee..."

Jama'a, ku yi mini adalci. Mu a Tudun Kanya ba mu cewa "don me", "dommi" muke cewa. Na ratso daji, na ratso teku, ban ji Hausa a bakin ɗana ba shekara da shekaru, ga shi ya dube ni ya ce, "Dommi ne?" Dommi ne kika zo, dommi ne kika wahalar da kanki. Kuma a zumuntar mata, in mai ba da waƙa ta jefa tambaya ba a barin ta a tsaye, amsawa ake yi da ƙarfi. Na cije leɓe a karo na farko. Sahun hagu ya rera ya ajiye, ɗana ya sake ja, muryarsa na rawa kamar mai kuka: "Dommi neee..."

Ban san lokacin da amsa ta fito daga bakina ba.

"Domin kai ne, Istifanus!"

Ashe ba ni yake kallo ba, hasken ƙofa ne a idonsa, bai ma san na zo ba. Da Magaji na ce, da wataƙila ya daure, an hore su a kan haka. Amma sunansa na yanka, a muryar uwarsa, abin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Bakinsa ya tsaya a buɗe, babu sauti.

"Inna?" in ji shi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sahu biyu duk sun saki numfashi, babu mai iska a ƙirji. Sai aka ji wata ƙara daga waje kamar ana yaga sabon ƙyalle, amma ƙyallen da ya kai faɗin duniya. Hasken tagogi ya koma kore. Ƙasa ta motsa. Ruwa mai sanyin ƙanƙara ya kwararo ta ƙofa ya doke ni a ƙwauri, ya hau gwiwa, fitilu suka mutu, mata na kururuwa a waje. Na ga inuwar wani abu mai tsawo ta gilma ta saman rufin.

Sai wata murya ta tashi a bayana, dusasshiya, tana karkarwa kamar tsohuwar igiya. Baba Kilemas ne, yana ratsa ruwa zuwa tsakiya, yana jan kalmar nan da ɗana ya saki. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya riƙe, ya riƙe, har sahun dama ya sami iska ya ɗauka. Ƙarar ta lafa. Ruwan ya tsaya a cinyata, sa'an nan ya fara ja da baya.

Da muka fito, layin masu burodi ya rushe, kifaye na tsalle a cikin tanda. An zaro wata yarinya daga ƙarƙashin katako, ana danna mata ciki tana aman ruwa. Ta rayu, Allah ya sa ba wanda ya mutu. Uwarta na rungume da ita ta ɗago ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Magaji ya kama hannuna. "Inna, ba tambaya ba ce. Domine, 'ya Ubangiji' ke nan. Ubangiji nake kira."

Na ce, "To ai sai ka ce Ubangiji!" Na fashe da kuka.

Dokarsu ita ce duk wanda ya saki igiya don kiran duniya, a ranar zai bar birnin. Suka tuɓe masa rigar mawaƙa, suka ba shi tsohuwar taguwarsa da ya zo da ita. Bai yi musu ba. Ya durƙusa a bakin majami'a ya sa goshi a dutse, ya daɗe.

Da ɗaya mai riƙon ya karɓi Baba Kilemas, sai tsohon ya biyo mu bakin hanya yana tari. Ya ce wa Magaji ya yi gaba, ya ja ni gefe. Da ƙyar nake jin abin da yake faɗa.

"Uwar Magaji, ban ce waƙarmu ke riƙe da ruwa ba. Allah ke riƙe da shi. Amma ka ga abin da ka gani." Ya yi tari, na ga jini a gefen hannun rigarsa. "Zan riƙe wurinsa. Wannan murya za ta kai ni farkon daminarku, in Allah ya yarda. Bayan nan saura mutum guda, kuma mutum guda sai ya yi barci."

Na ce, "Ku nemo wani mana!"

"Na yi yawon duniya kafin in sami ɗanka. Yanzu ƙafa babu." Ya kama hannuna. "Akwai sauran doka, shi bai sani ba, ba a faɗa wa wanda aka kora. Bakin da ya kira shi, in ya sallame shi da yardar rai, ya kama sunansa ya ce tafi, ƙofa za ta buɗe masa. Amma wanda ya dawo ta wannan hanya ba ya sake fita. Ba zan roƙe ka ba. Mu ba mu iya roƙo ba."

Muka hau hanya. Ba mu yi nisa ba tsohon ya koma ya karɓi riƙo, daga nan in muryoyi suka ɗauke, muryarsa nake ji tana rawa, bangon na sunkuyowa fiye da yadda na san shi. Magaji na tafe yana motsa leɓe ba sauti. A dajin tsuntsaye na ɗaure masa baki da ɗankwalina, na ɗaure nawa da gefen zane, don na ga waƙar na neman kuɓuce masa.

Yanzu muna gida. Ya yi ƙiba, ya gyara mini rufin ɗaki, ya yi wa kabarin ubansa shinge. Akwai wata yarinya, Rifkatu 'yar mai wa'azinmu, da ke yawan zuwa aron turmi alhali suna da nasu. Ba shi da ƙane namiji, ni kuma gwiwata ta fara ciwo. Bai taɓa ɗaga mini murya a kan abin da ya faru ba. Sai dai ba ya waƙa a majami'a, ko an roƙe shi. In yana noma nakan ga ya tsaya cak, ya riƙe numfashi, yana kallon gabas, har sai na ji tsoro na yi gyaran murya.

Shekaranjiya iska ta juya. Kanya ta yi sabon ganye, tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu, hadari na haɗuwa da yamma yana watsewa. In na rufe ido, yarinyar nan nake gani tana aman ruwa. In na buɗe, ɗana nake gani. Wani lokaci in ce Allah da ya riƙe teku tun kafin a haifi Magaji ba zai sake shi don Magaji ba. Sai kuma in tuna sanyin ruwan nan a cinyata.

Yau da safe na kai masa fura gona. Ya sha, ya goge baki, bai dube ni ba ya ce, "Inna, ran da muka taso, mi Baba Kilemas ya ce miki a gefe?"

Na ce na bar wake a wuta, in na sauke zan dawo. Babu wani wake. Ɗaki na shigo na ɗauki alƙalami, shi kuma yana can yana jira, kuma bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Ku iyaye mata, ku da kuka san nauyin goyo, da ku malamai da kuka fi ni sanin Littafi, ku faɗa mini. In na yi shiru, ɗana nawa ne har in mutu ya binne ni, amma ban san abin da zai sami mutanen can ba. In na faɗa masa, na san ko taguwa ba zai tsaya ɗauka ba. An kuma ce sai da yardar rai, ni kuwa raina bai yarda ba, to ko sallamar da aka yi da kuka tana karɓuwa? In koma gonar in ce masa me?